Nola Faye da Waƙoƙin da Guguwa Ta Watsa

Nola Faye Birdwell 'yar gwaggona ce. Ta girme ni da shekara uku, kuma tun ina ɗan goma sha huɗu nake buga mata ganguna. Yanzu ina da sittin da tara, gwiwoyina sun fara gardama, amma har yau idan ta juyo ta harare ni a tsakiyar waƙa na san na yi sauri ke nan. A duk garin Tallow Creek babu wanda ya fi ni saninta, in ban da marigayi mijinta, shi ma da yana raye da mun yi musu.

Mahaifinta Elwood a rijiyoyin mai yake aiki, ya fita da asuba ya dawo da baƙin mai har cikin kunne. Mahaifiyarta, Gwaggo Oleta, ita ke buga fiyano a cocinmu na Baftis. Rediyon kicin ɗinsu ba a kashe shi, kuma ba a taɓa kawar da shi daga tashar waƙoƙin karkara ba: goge, jita marar wuta, da muryoyin mutanen da matansu suka gudu ko gonakinsu suka bushe. A cikin wannan kiɗa Nola Faye ta tashi, tana son sa har cikin ƙashinta. Amma shekarar da ta cika goma sha biyar, ɗan maƙwabtansu da aka ɗauka soja zuwa Vietnam ya kawo mata ajiyar jitarsa mai aiki da lantarki, ja jawur, da 'yar ƙaramar lasifika. Ya ce ta riƙe masa har ya dawo. Bai dawo ba. Da ta kai wa mahaifiyarsa kayan, matar ta ƙi ko kallon akwatin.

"Tafi da ita, 'yata," in ji ta. "Ki riƙa bugawa da ƙarfi yadda zan ji daga nan."

Ta kuwa buga da ƙarfi. Kajin Gwaggo Oleta sai da suka yi sati biyu ba su yi ƙwai ba.

Daga nan rigimarta ta fara, domin bakinta na karkara ne, hannunta kuma na rok, kiɗan nan mai ƙara na jitar lantarki. Tana da ashirin da uku ta hau bas zuwa Nashville, cibiyar waƙoƙin karkara, wani kamfanin faifai ya ɗauke ta. Ta ba ni labarin ranar farko ya fi sau ɗari. Mai kamfanin, wani mai ƙaton zobe, ya saurari waƙa ɗaya da rabi, sai ya ɗaga hannu.

"'Yan mata, muryar nan taki zinariya ce. Amma wannan jan abin a ajiye shi a waje. Matan karkara ba sa ihu da jita."

Suka sa mata doguwar riga mai leshi, suka tara mata gashi kamar dami, suka jera mata masu goge goma sha biyu a baya suna zuba zaƙi. Da faifan ya iso Tallow Creek na daɗe ina kallon hoton bangon ban gane ta ba. Sati shida ya yi ya mutu. Ta wuce birnin Tulsa ta gwada gidajen da ake kiɗan rok, su kuma suka ce tana waƙa ta hanci kamar mai kiran shanu. Bayan shekara uku ta dawo gida da jar jitarta da akwati ɗaya, ba ta yi wa kowa kuka ba.

Ta auri Orval Birdwell mai walda, mutum mai sanyin hali wanda bai iya rawa ba amma bai taɓa fashin zuwa wasanmu ba. Ta karɓi aikin tuƙa motar 'yan makaranta, mota mai lamba tara, ta yi shekara talatin da ɗaya a kanta. Yara suna ce mata Mis Nola. Tana da wani faffaɗan madubi a saman kanta, idan ta ɗaga ido cikinsa ta ce "Ku zauna!" har mutanen layi na biyu sai sun nemi kujera.

Ranakun Asabar kuma mu ne. Ni da ganguna, bayan na wuni ina gyaran famfon mutane. Cleon Vann, mai raba wasiƙu, da jitarsa mai kaurin murya, mutumin da zai iya yin wuni guda da kalma biyar. Sai Hoyt Pendergrass mai goge, makiyayin shanu, dogo, busasshe, wanda a wurinsa duk kiɗan da aka jona wa wuta ya riga ya lalace. Muna wasa a bukukuwan aure, da zauren tsofaffin sojoji, da bikin baje kolin amfanin gona. Waƙoƙin wasu muke yi, waɗanda mutane suka sani suke son takawa.

Hoyt da Nola Faye sun yi shekara ashirin suna faɗa a kan lasifika. Ta ƙara murya, ya lallaɓa ya rage. Wata rana a wani biki, ana tsakiyar rawa, ta murɗa abin har ƙarshe. Hoyt ya sauke gogensa, ya shimfiɗa shi a akwati a gaban amarya da ango, ya gyara hularsa ya fita. Shekara goma sha tara ba su sake kiɗa tare ba. A coci benci biyu ne tsakaninsu. Yakan taɓa bakin hula ya ce, "'Yar'uwa Birdwell." Ta ce, "Ɗan'uwa Pendergrass." Shi ke nan.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne tana rubuta waƙa. Tsakanin jigilar safe da ta yamma, takan ajiye motar a ƙarƙashin wata bishiya bayan makaranta, ta ɗora littafin rubutu irin na yara a kan sitiyari. A ƙasan kowace waƙa takan sa haruffan sunanta da lambar motar. Littattafan sun haura arba'in, suna cikin wani kabad a ɗakin ɗinkinta. Na sha ce mata mu gwada ko guda ɗaya.

"Royce, mutane sun zo rawa ne," take cewa. "Ba su zo jin abin da ke damun direba ba."

Orval ya rasu tana da sittin da huɗu. Ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu, suka fara karkacewa. A hankali wasan Asabar ya ja baya, har ya tsaya. Jitar ta koma ƙarƙashin gado. Na ɗauka labarin ya ƙare a nan, ita ma haka ta ɗauka.

Sai wata Talata a watan Mayu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, sama ta yi wani kore-kore, jiniyar gari ta ɗauka. Nola Faye tana da minti uku ko huɗu. Ta janyo jitar daga ƙarƙashin gado, ta ɗauki karenta a hammata, ta faɗa ramin ɓuya da Orval ya gina a bayan gida ya yi masa ƙofar ƙarfe. Guguwar ta bi ta gefen gari na kudu ta kwashe gida goma sha ɗaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da na iso da a-kori-kurata na same ta tsaye a kan dandamalin siminti inda falonta yake a da. Babu bango, babu rufi, sai bahon wanka shi kaɗai a tsaye da bututunsa.

Ta dube ni ta ce, "Ka ga aikinka ne kawai ya tsaya. Yau dai na yarda ka iya famfo."

Sai da muka shiga mota ta tuna da kabad ɗin littattafanta, shi ma guguwar ta tafi da shi. Na kai ta gidana. Matata ta zuba mata wake da gurasar masara, ba ta taɓa ba.

Coci ya kafa tebura a zaurensa domin abin da mutane ke tsintowa: hotuna, takardun haihuwa, wasiƙu. Iska takan kai irin waɗannan abubuwa nesa ƙwarai. Kwana biyar bayan guguwar wani manomi daga mil arba'in ya sa hoton wata takarda a intanet, ya ce ya cire ta daga wayar shingensa, waƙa ce, an sa hannu da haruffa uku da "mota ta tara". Cikin awa ɗaya mutum sittin suka amsa masa. Duk wanda ya yi makaranta a Tallow Creek ya san wace ce mota ta tara.

Daga nan shafuka suka fara dawowa. Wasu ta gidan waya, an goge su da dutsen guga an sa a leda. Wasu da taɓo, wasu rabi ne kawai. An samu ɗaya a kan rufin wani gidan mai, wata a cikin kwamin ruwan dawakai. Nola Faye tana karɓa tana godiya, tana zubawa a kwalin takalmi, ba ta karantawa.

Wata Asabar da hantsi wata mata ta tsaya da mota a ƙofar gidana, inda Nola Faye take zaune tun bayan guguwar. Daga can tsallaken iyakar jihar Arkansas ta tuƙo, awa biyu da rabi. Sunanta Imogene, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ta zo da ɗaya daga cikin shafukan, amma ta ƙi ba ni takardar, ta ce sai hannu da hannu ga mai ita. Muka zauna a baranda da shayi mai ƙanƙara. Ta ce a cikin lambun tumatirinta ta tsince ta, kuma mijinta bai cika wata huɗu da rasuwa ba. Ta buɗe ta karanta layi biyu da kanta:

"Takalmanka na nan bakin ƙofa,
kullum sai na tsallake su in wuce."

Ta ninke takardar. Ta dubi Nola Faye ta ce, "Madam, a ina zan samu faifan? Na duba ko'ina ban gani ba."

"Babu faifai," in ji Nola Faye. "Ba a taɓa rera ta ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Matar ta ajiye kofinta. Ta dubi yatsun Nola Faye, ta dubi furfurarta, ba ta ɓoye ba. "To me kike jira? Shekarunki nawa?"

Ni na zaci za a yi rigima, don ba a yi wa Nola Faye irin wannan magana. Sai na ga ta tashi ta shiga ciki ta fito da kwalin takalmin, ta juye shi a kan tebur. Mu uku muka wuni muna haɗa shafuka. Cikin waƙoƙi sama da ɗari huɗu, goma sha ɗaya ne suka dawo cikakku. Ta goma sha biyu rabi ce, an yage ta daga sama, sai baiti na ƙarshe.

Ɗaya rabin ya zo da ƙafarsa bayan kwana uku. Ina gyaran injin yankan ciyawa sai ga Hoyt Pendergrass ya sauko daga motarsa, da hula, da takarda ninke a aljihun gaba. Bai gaishe ni ba. Ya tsaya a ƙasan matakala ya ce a kira masa 'Yar'uwa Birdwell. Ta fito tana goge hannu.

"Na tsinci wannan a makiyayata tun washegarin guguwa," in ji shi. "Sati uku ina karantawa. An ce kaina ya fi kututture tauri. An ce jakin da ya ga gada ya fi ni saurin yanke shawara."

"Ƙarya aka yi?"

"Ban ce ƙarya ba ne. A baiti na uku kuma an ce tun da na tafi kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Daga nan takardar ta yage." Ya gyara tsayuwa. "Ina sauran?"

"Yana ciki."

"Zagi ne ko yabo?"

"In kana son ji, ka zo da gogenka."

Ya juya ya buɗe ƙofar motarsa. Akwatin gogen yana kan kujerar gaba, ya ɗaura masa bel.

Daga nan muka yanke shawarar rera waƙoƙin sha biyu a faifai. Wadda ta ɗauki faifan Denise Tiger ce, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, ta yi rabin rayuwarta tana aikin ɗaukar sauti a Tulsa. Ita ma 'yar mota ta tara ce, ta ce har yanzu idan ta ji muryar Mis Nola sai ta ji ta gyara zama. Ta zaga garin tana tafa hannu a cikin gine-gine tana saurare, ta gwada coci, ta gwada zauren makaranta, daga ƙarshe ta zaɓi rumfar gwanjon shanu. Ta ce katakon wurin da tsayin rufin sun fi duk wani situdiyo da ta sani. Ranar Laraba ake gwanjo, sauran ranakun wurin namu ne, mu da warin kashin shanu. Muna farawa ƙarfe tara na safe mu tashi ƙarfe uku, saboda Hoyt zai ba dabbobi abinci, Cleon kuma likita ya ce ya riƙa kwanciyar rana.

Ranar farko ta tafi lafiya. Muryar Nola Faye ta sauka ƙasa, ta yi kaushi, ba irin ta faifan Nashville ba ce ko kaɗan. Da ta rera waƙar takalman, Denise ta cire abin sauraren da ke kunnenta ta yi kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Rana ta biyu ce ta zo da matsala. Waƙar mai zafi ce, labarin wata mata da ta bar aikin gidan abinci ta kama hanyar yamma, kuma jita ce ke jan ta. Sau shida Nola Faye tana kai wa tsakiya yatsunta suna ƙin danna wayoyin. A na bakwai ta cire jitar daga wuya, ta jingine ta, ta fita. Na bi ta na same ta zaune a a-kori-kurata, hannayenta a cinya.

"Ka kira wani daga Tulsa ya buga," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ni in tsaya in buɗe baki. A sa min rigar leshi ma in ana so."

Na shiga na zauna kusa da ita. Ni famfo na iya, ba lallashi ba. Muna nan zaune sai ga Cleon ya taho a hankali kamar yadda ya saba, ya ƙwanƙwasa gilashi. A hannunsa akwai wata 'yar siririyar kwalbar magani, ya juye ƙwayoyin a aljihun rigarsa.

"Kakana a Mississippi injin auduga ya cinye masa yatsa biyu," in ji shi. "Bai daina kiɗa ba. Zura ƙaramin yatsanki a nan. Ba dannawa za ki yi ba, gogawa za ki yi."

Tun da na san Cleon ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Ta karɓa tana juya ta. "Maganin me ne?"

"Hawan jini."

"To Allah ya sa ta sauke nawa."

Muka koma ciki. Cleon ya sake ɗaure mata wayoyin yadda za su yi magana tare ko ba a danna ba. Ta ɗora kwalbar ta ja ta daga ƙasa zuwa sama, jitar ta yi wani irin kuka mai tsawo, kamar mutum, kamar jirgin ƙasa daga nesa. Ta sake ja, ta murɗa lasifikar, ta sake ja. Tattabarun da ke rufin suka watse. Sati guda Denise ta ba ta ta saba da kwalbar, tana zama a barandata daga safe har matata ta kira mu cin abinci. Maƙwabta suka fara fito da kujeru.

Da muka dawo aiki sai tsohon faɗan ya tashi. Hoyt ya ce ba ya jin gogensa. Nola Faye ta ce ya je ya canja batirin na'urar kunnensa. Ya ce kiɗan karkara ba tashin bam ba ne. Ta ce ita ba jana'iza ta zo yi ba. Na ga ya fara kallon akwatin gogensa kamar ranar bikin nan.

Denise ta buga tebur. "Mis Nola, Kawu Hoyt, ku ji. Kun yi shekara ashirin kuna magana lokaci ɗaya. Yau za ku yi bi da bi. Goge ya faɗi nasa, jita ta ba shi amsa. Wanda ya katse ɗan'uwansa, na kashe masa makirfo."

Waƙar taurin kan Hoyt muka gwada a haka. Ya ja layi ɗaya mai daɗi irin na tsofaffi, ta mayar masa da shi da kwalba, da ƙara, kamar tana kwaikwayonsa. Ya ɗaga gira, ya ja wani mai sauri. Ta bi shi. Ya sake, ta sake. Ni da Cleon muna riƙe musu ƙasa, su suna ta faɗansu a sama, kuma karon farko faɗan ya zama kiɗa. Da ta kai baiti na ƙarshe, wanda bai taɓa ji ba, inda ta ce ƙofar rumfa a buɗe take kuma ba a ba kowa kujerarsa ba, sai bakan gogen ya ɗan yi rawa, amma bai tsaya ba. Daidai ƙarshen waƙar wata saniya da aka bari a garken baya ta yi kuka. Denise ta ce ko za a kashe ta ba za ta goge wannan kukan ba, yana nan a faifan.

Muka saurara da aka maimaita mana. Hoyt ya yi gyaran murya.

"'Yar nan," ya ce wa Denise, "wannan wayar da kike jona wa jita, tana shiga goge?"

Nola Faye ta zauna a kan bencin masu gwanjo ta yi dariya har da hawaye.

Ta sa wa faifan suna Tsintuwa. Hoton bangon ita ce tsaye a kan dandamalin gidanta, da wandon aiki da takalman Orval da aka tsinto, jitar a wuya, bahon wanka a bayanta. Denise ta kai wa wata mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo a Tulsa. Matar ta sa waƙa ɗaya ranar Litinin da safe, kafin Juma'a ta sa duka goma sha biyu saboda wayar da ake ta bugo mata. Tashoshin karkara suka ɗauka, tashoshin rok ma suka ɗauka, kowa yana cewa tasa ce. Wani marubuci a wata jarida ya tambaye ta ta waya wane irin kiɗa za a kira wannan. Ta ce, "Irin wanda aka hana ni." Cleon ya ji kansa a rediyo yana layin biyan kuɗi a kantin kayan gini, ya gaya wa mai kantin, "Ni ne wancan," mai kantin bai yarda ba sai da aka nuna masa hoto.

A watan Oktoba muka yi wasan ƙaddamarwa a filin baje koli, ranar Asabar ƙarfe biyu na rana. Mun jera kujeru ɗari uku. Tun sha biyu motoci suka cika filin suka malala har bakin babbar hanya, 'yan sanda suka zo suna ba da hannu. Masu gasa haƙarƙari sun sayar da komai kafin mu hau. Nola Faye ta sa an keɓe layin gaba domin waɗanda suka dawo mata da shafuka, mutum talatin da huɗu, da manomin nan mai shinge, da Imogene cikin rigar zuwa coci. Bayansu kuwa duk inda ka duba 'yan mota ta tara ne, wasu da sanƙo, wasu da jikoki a kafaɗa, suna ta ihun "Mis Nola! Mis Nola!"

Ta fito a hankali saboda matakalar. Ta tsaya gaban makirfo ta bi su da irin kallon madubin nan, filin ya yi tsit.

"Shekara talatin da ɗaya ina ce muku ku zauna," ta ce. "Yau na ce ku tashi."

Ta ja kwalbar a kan wayoyin, na daki ganga, mutum dubu uku suka miƙe. Na yi wasa a wurare da yawa a rayuwata, ban taɓa jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashin kujerata ba sai ranar. Hoyt, da gogensa a jone da wuta, ya taka har bakin dandamali ya durƙusa da gwiwa ɗaya yana ja, sai da ni da Denise muka taimaka masa ya tashi bayan waƙar. Da aka zo kan waƙar takalman babu wanda ya yi motsi. Imogene ta riƙe hannun manomin da ba ta taɓa gani ba sai ranar, bakinta yana bin kalmomin.

Da bazara ta zagayo aka gayyace mu wani bikin kiɗa a ƙasar Norway. Cikinmu babu wanda ya taɓa mallakar fasfo. Hoyt ya ce shi ba zai hau abin da ba shi da birki a sama ba, sai da Nola Faye ta ce to za ta nemi wani mai gogen a can, ya riga kowa zuwa ɗaukar hoto. Muka yi wasa a gefen wani ruwa mai duwatsu, ana yayyafi, mutane sanye da rigunan ruwa da hulunan makiyaya irin namu, suna amsa waƙoƙin kalma da kalma. Cleon ya ci kifi sau uku a rana, ya ce bai taɓa jin daɗin mako kamar wannan ba.

Ya rasu cikin sanyin da ya biyo baya, a kujerarsa, bayan cin abincin rana. A jana'izarsa Nola Faye da Hoyt suka yi kiɗa su biyu, ba lasifika, ita ce ma ta ce a bar ta a mota.

Yanzu tana da saba'in da biyu. Mutanen coci da tsofaffin ɗalibai sun gina mata ƙaramin gida a kan dandamalin nan, ni na ja ruwa. Ƙanwar Cleon, Lorene, wadda ta yi shekaru tana kiɗa a cocinsu, ita ta karɓi jitarsa, kuma ta fi shi magana nesa ba kusa ba. Makon jiya muka tafi wasa garin Amarillo na jihar Texas a motar haya mai kujera takwas. Hoyt ne ya karɓi tuƙi, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, manyan motoci suna wuce mu suna danna oda.

"Ɗan'uwa Pendergrass," in ji Nola Faye daga baya, "wasan gobe ne, ba baɗi ba."

"Za mu isa."

"Tsaya a gidan man can in karɓa."

"Ba ki da lasin babbar mota yanzu."

"Wannan ce babbar mota? Royce, gaya masa."

Na ce ni ba ruwana, ganguna aka ɗauke ni bugawa. Lorene ta buɗe kwanon soyayyiyar tarwaɗa ta miƙa gaba. A gidan man Hoyt ya tsaya da kansa, ya sauka ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Mun isa Amarillo rana ba ta faɗi ba.